Na Dole da Na Ganin Dama: Kwanakin Gina FFmpeg Tsakanin Gwarzo da Kabo

Asabar

Wata Islamiyya a Kabo za ta yi walimar saukar Alƙur'ani kafin azumi, kuma ƙanena ne ya samu aikin bidiyon, da yake shagonsa ke ɗaukar bukukuwa da walimomi a unguwar. Shugaban makarantar ya gindaya masa sharaɗi biyu. Na farko, sunan kowane mai sauka ya fito a ƙasan hoto da boko da ajami, ajamin kuma ya zama irin wanda yaran suka saba gani a allo. Na biyu, kowane gida a ba shi kwafi biyu: bidiyon da ƙaramar waya za ta iya buɗewa, da murya zalla wadda tsofaffi za su sa a memori su saurara a 'yar rediyo.

Masu saukar suna da yawa. In aka ce da hannu za a bi su ɗaya bayan ɗaya, wata zai tsaya ana kan yi. Ya kira ni da hantsi ya ce, "Yaya, wannan kam sai ka shigo." Na ce masa aikin FFmpeg ne. Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara a shekarar 2000. Ba ta da maɓallan dannawa, umarni ake rubuta mata, ta yi ta maimaita shi a kan fayil bayan fayil ba gajiya. Duk wanda ya taɓa kallon fim a VLC ya ci moriyarta ko bai sani ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwamfutar da za ta ɗauki nauyin. Tsohuwa ce ta tebur, ta hannu, daga kasuwar Beirut ta Kano, da ita yake yi wa mutane turin karatu da waƙoƙi. Ubuntu 22.04 ke kanta, ni na sa mata bara, na rage mata kaya don ta yi sauƙin tashi. Ba ta da intanet, kuma a shagon sabis sai an fito bakin titi. FFmpeg ta rumbun Ubuntu, wato 4.4, in ka kira ta da ayarin fakitoci take zuwa, kowanne sai an sauko da shi. Na gwada wata da aka riga aka gina aka ajiye a intanet, na tarar babu drawtext a cikinta, sashen da ke rubuta take a kan hoto.

Na yanke shawara mu gina tamu daga tushe, ta zama fayil guda da zai shiga filashi ya yi aiki a Kabo, gobe in wani shago a nan Gwarzo ko a Getso ya nema a ba shi.

Lahadi

Sabis ya fi kyau da asuba, don haka ina dawowa daga masallaci na sauko da tushen 7.1, wanda ya fito a ƙarshen Satumba 2024. Bai kai megabait 15 ba.

Gini daga tushe mataki uku ne. A gudanar da configure ya leƙa ko'ina a kwamfutar ya ga me ke akwai, sannan make ya harhaɗa, sannan a girka. Rigimar duk tana matakin farko.

Bai je ko'ina ba ya tsaya, bai ga nasm ba. Nasm ne ke harhaɗa sassan da aka rubuta da harshen da ya fi kusa da ƙwaƙwalwar na'ura, kuma a nan saurin FFmpeg yake. Saƙon da ya fito ya ba ni mafita, in sa --disable-x86asm in wuce, amma shi da bakinsa ya ce abin da zai fito gurgu ne. Mai sabuwar kwamfuta zai iya haƙura da hakan. Tsohuwar Kabo kuwa batirin sola ke riƙe da ita in dare ya yi, duk mintin da aka rage mata riba ce. Nasm ɗan ƙaramin fakiti ne, na girka shi.

Daga nan na zauna na karanta ./configure --help daga sama har ƙasa, abin da nake so duk mai shirin gini ya yi kafin ya taɓa make. Jerin madogaran waje, wato ƙananan manhajojin wasu mutane da FFmpeg ke iya jingina da su, dogo ne sosai, kuma kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba sa shiga sai ka kira su da suna, kamar --enable-libx264 da --enable-libass. Ko suna zaune a kwamfutarka, in ba ka kira ba ba za a taɓa su ba. In ka kira kuma ba a same su ba, configure ya tsaya ya gaya maka. Akwai kuma waɗanda aka yi wa alamar autodetect, irin su zlib, SDL2, ALSA, xlib da VAAPI. Su ba a tambayarka. In an gan su a ɗauka, in ba a gan su ba a wuce shiru.

Dukkansu ana ce musu na ganin dama, ma'ana manhajar za ta ginu ko ba su.

Litinin

Na kira ƙanena muka yi jeri a waya, shi yana faɗin abin da mutane ke kawowa da abin da suke tafiya da shi, ni ina rubutawa. Tambayar da na riƙe ita ce me za ta yi mana, ba me ke akwai ba.

Karanta bidiyo da sauti bai ba mu wahala ba. FFmpeg da kanta tana buɗe H.264 da HEVC da VP9 da MP3 da Opus. Ya ce, "To Yaya, in wani mai iPhone ya turo nasa fa? Nasu daban ne." Na ce nasu HEVC ne, kuma buɗe shi ba ya buƙatar komai daga waje, sai in za a fitar da shi ne ake neman x265. Haka saƙon murya na WhatsApp, Opus ne, za ta karanta.

Fitarwa ce ke da sharaɗi. FFmpeg ba ta da nata mai fitar da MP3, sai an haɗa ta da madogarar waje kamar LAME. A wasu ƙasashe MP3 tsohon yayi ne, a nan kuwa shi ne abin da 'yar rediyon memori ke ganewa, wadda ke rataye a kafaɗar mai kiwo da teburin mai shayi. H.264 ma sai da ta waje, kamar x264 ta ƙungiyar VideoLAN, kuma shi ne bidiyon da ƙananan Tecno da itel ke buɗewa ba musu. Su x265 da libvpx da libaom da SVT-AV1 sun fi matse bidiyo ya ƙanƙance, ban musa ba, amma tsohuwar za ta kwana tana fama da su, a ƙarshe rabin wayoyin iyayen yara su ƙi buɗewa. Na soke su duka, raina a kwance.

Sai rubutu, kuma a nan na fi daɗewa. Abu huɗu ke aikin. FreeType ke zana harafi daga zubin haruffa. FriBidi ke sanin wane layi ke tafiya daga dama zuwa hagu, da yadda za a yi in boko da Larabci suka haɗu a layi ɗaya. HarfBuzz, wadda Behdad Esfahbod ɗan asalin Iran ya jagoranci rubuta ta ta yanzu, ita ke zaɓar siffar harafi a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe, ta ɗora wasali inda ya dace. Libass kuma ke tattara ukun ta shimfiɗa rubutun a ƙasan bidiyo. Duk huɗun a jerin ganin dama suke.

Kuma masu manhajar ba su yi ƙarya ba. Mai matse bidiyo a wani babban kamfani a Amurka ba ruwansa da wasali. Littafin girki da aka rubuta a wata ƙasa zai iya cewa daddawa in an ga dama a sa, miya za ta dahu ba ita, amma wadda za ta ciyar da mutanen Gwarzo ta san ba zancen ganin dama ba ne. Wanda ya rubuta manhaja ya san abin da take buƙata don ta ginu. Abin da take buƙata don ta yi amfani a Kabo, mu ne kaɗai muka sani, kuma in ba mu faɗa ba babu mai faɗa mana.

Iyakar ma ba a tsaye take ba. HarfBuzz ta daɗe tana ta ganin dama ga libass, sai a fitowar 0.15.0 ta 2020 aka mai da ita dole. A FFmpeg kuma, tun daga 6.1 ta Nuwamba 2023 drawtext ba ya ginuwa sai da ita. Wanda ya riƙe tsohon umarninsa na gini, da FreeType kaɗai, ginin zai kammala lafiya lau, sai ranar da ya nemi rubuta take ya tarar babu sashen. Ina kyautata zaton abin da ya samu wadda na sauko da ita ranar Asabar ke nan.

Da yamma na sake gudanar da configure da jerinmu. Ya ce pkg-config, wanda ke nuna masa inda madogara take, bai ga libass ba, alhali tana kwamfutata, VLC na aiki da ita kullum. Dalilin shi ne Debian da Ubuntu suna raba kowace madogara gida biyu: fakitin da manhaja ke aiki da shi, da wani mai ƙarewa da -dev wanda ke ɗauke da bayanan da mai harhaɗawa ke karantawa. Na farkon ne nake da shi. Duk lokacin da configure ya ce bai ga abu ba, ƙarshen fayil ɗin ffbuild/config.log na nuna ainihin abin da ya gwada da inda ya tuntsure. Na girka na -dev ɗin, ya wuce.

Talata

Make ya yi aikinsa cikin dare, fankar laftof na ta kuka saboda ƙurar hunturu da ta cika ta. Da safe na gwada a gida, komai ya tafi daidai. Zuwa da kai ya fi saƙo, na sa fayil ɗin a filashi tare da ƙananan fakitocin x264 da LAME da libass, na hau mota zuwa Kabo.

Hazo ya rufe gonaki, an gama girbi sai karan dawa a tsaye. Na tarar da shi yana yi wa wata tsohuwa turin tafsiri, muka jira ya sallame ta. Na girka fakitocin, na kwafa fayil ɗin, na rubuta ffmpeg -version. Layi ɗaya ya fito: ba a samu libSDL2-2.0.so.0 ba. Ko sunanta ba ta kai ga faɗa ba.

"Yaya, wannan kuma mene ne? Ba ya cikin jerinmu."

Ba ya ciki. Na gudanar da ldd a kan fayil ɗin, shi ne ke nuna duk abin da manhaja ke nema kafin ta tashi. Ga SDL2, ga sndio, ga libva, duk an rubuta ba a same su ba. Babu wanda muka kira a cikinsu. Suna laftof ɗina ne tun wani aiki na baya, configure ya gan su ya ɗauka, kamar yadda aka tsara shi ya yi. Tsarin yana da hujja: wanda ke gina wa kansa, a kan kwamfutar da zai yi aiki da ita, ya huta da lissafi. Amma da zarar gini zai bar inda aka yi shi, abin da aka ɗauka ba da saninka ba ya zama bashi a kan wanda ka kai wa. Kafin gini SDL2 na ganin dama ne. Bayan gini ya zama dole, fayil ɗin ba zai tashi ba sai da shi, ko da ba za a taɓa amfani da shi ba. Masu Gentoo, wani tsari irin su Ubuntu, da yake su kusan komai daga tushe suke ginawa, sun daɗe da rubuta gargaɗi a kan wannan, suna roƙon masu manhajoji su ba kowace madogara makunninta na kunnawa da kashewa.

Me SDL2 ke yi ma? Da shi ake gina ffplay, ɗan abin kallon bidiyo da ke zuwa tare da FFmpeg. Ƙanena a waya yake duba aikinsa, kuma haka ya fi, tunda a waya za a kalla. Libva na katin hoto ne, sndio na na'urar sauti. Ba ma buƙatar ko ɗaya.

Muka ci ƙosai da kunu a bakin shago, na gaya masa zan sake gini ta yadda babu abin da zai shiga sai wanda na kira da bakina.

Laraba

Ba wuta tun jiya da dare, batirin laftof bai isa gini ba. Na yi lissafi a takarda.

Na tuna yadda Debian ta raba wannan al'amari hawa uku a fakitocinta: Depends ga abin da ba a tashi sai da shi, Recommends ga abin da yawancin mutane za su so, Suggests ga abin da wani zai iya so. Apt yana ɗauko na biyun kai tsaye sai ka hana shi da --no-install-recommends. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ɗan umarni ba ƙaramin taimako ba ne. Na kuma lura libharfbuzz-dev kaɗai ya jawo mini ICU da GLib ranar Litinin. Madogara ma tana da nata madogaran, kuma wanda ya haɗa fakitin ya riga ya yanke maka hukunci a kansu.

Alhamis

Wuta ta dawo kafin azahar. Yau na gina madogaran da kaina, kowace a matsayin wadda za a narkar cikin fayil ɗin FFmpeg, a wata folda daban da ba ta haɗu da na kwamfutar ba. Na nuna wa pkg-config foldar da PKG_CONFIG_LIBDIR. Bambancinsa da PKG_CONFIG_PATH yana da muhimmanci: na biyun ƙari yake yi a kan wuraren da aka saba dubawa, na farkon kuwa maye gurbinsu yake, don haka abin da ke laftof ɗina ba zai sake leƙowa ba.

X264 da LAME ba su ja lokaci ba. Abin lura ɗaya, FFmpeg 7.1 ba ta pkg-config take neman LAME ba, sai an nuna mata foldar da --extra-cflags da --extra-ldflags.

FreeType da HarfBuzz ne suka sa na tsaya tunani. Kowace tana iya jingina da 'yar'uwarta. HarfBuzz na amfani da FreeType wajen karanta zubin haruffa, FreeType kuma na iya amfani da HarfBuzz wajen daidaita ƙananan haruffa su fito tsaf a allo. Hanyar da aka saba bi ita ce a gina FreeType ba HarfBuzz, a gina HarfBuzz a kanta, a dawo a sake gina FreeType. Na tambayi kaina ko zagaye na biyun zai ƙara mana wani abu. Sunayen yaran da manyan haruffa za su fito, a bidiyon da za a matse. Wannan gyaran ba mai ganinsa. Na tsaya a zagaye na farko da --with-harfbuzz=no, na kuma kashe mata png da bzip2 da brotli, tunda ba mu da zubin haruffa mai hoto ko na shafukan intanet.

HarfBuzz da Meson ake gina ta, kuma tsarin Meson ya kwanta mini. Kowace madogara matsayi uku gare ta: enabled, disabled, auto. Auto shi ne a ɗauka in an gani. Enabled kuwa, in ba a samu ba gini ya tsaya cak. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: na fi son ya ƙi ginuwa a gabana da ya ginu da giɓi in gano a gaban mai aiki. Na sa FreeType a enabled, na sa GLib da Cairo da ICU a disabled. Bayanan ICU kaɗai sun kusa megabait 30, alhali HarfBuzz na ɗauke da nata jadawalin haruffan Unicode a ciki.

A libass na bar abu biyu. Libunibreak na taimakawa wajen karya layi a harsunan da ba sa barin fili tsakanin kalmomi, kamar na Sin da Japan. Hausa na bari, da boko da ajami. Wannan kam na ganin dama ne na gaskiya a wurinmu. Fontconfig ya fi wuyar yankewa, shi ne ke nemo wani zubin in wanda ka zaɓa ba shi da wani harafi. In babu shi, kuma zubinka ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ, akwati zai fito a tsakiyar sunan yaro. Amma in yana nan, abin da zai fito ya danganta da zubin da ke kowace kwamfuta, ka ga an koma gidan jiya. Na cire shi, na ɗauki nauyin zaɓen da kaina: Andika ga boko, Alkalami ga ajami, dukansu na SIL ne, lasisinsu ya yarda a raba, za su bi fayil ɗin a filashi. Libass ba ta yarda a cire shi haka kawai, sai ka ƙara wani makunni da ke tabbatar da ka san abin da kake yi. Hakan ya yi mini daidai.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci ɗan yayata ya biyo, yana karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo. Ya duba jerina ya ce, "Kawu, ba ka sa fdk-aac ba. An ce ita ta fi fitar da sauti mai kyau, ga shi karatun Alƙur'ani ne."

Maganarsa da ƙamshin gaskiya, fdk-aac ta cibiyar Fraunhofer ta Jamus tana da suna. Na ce ya zauna mu gwada ya gani da idonsa. X264 lasisin GPL gare ta, shi ya sa sai da --enable-gpl take shiga. Lasisin fdk-aac bai jitu da GPL ba, don haka in kana son su biyun tare sai ka ƙara --enable-nonfree. Muka ƙara. A ƙarshen bayanin configure akwai layin lasisi, ya nuna mana ƙarara cewa wannan ginin ba a raba shi. Ka yi amfani da shi kai kaɗai, amma ba ka da izinin miƙa wa wani. Mu kuwa don miƙawa muke yi.

Ya ce, "Wa zai sani, Kawu?" Na ce mu mun sani. Mutanen da ba su san mu ba sun ba mu aikin shekaru kyauta, sharaɗinsu kaɗan ne, kuma amana ce. Ban da haka, mai fitar da AAC na cikin FFmpeg ya fita daga matakin gwaji tun 3.0 ta 2016, ya ishi muryar yaro mai karatu. Muka cire, layin ya koma GPL. Ya kwafi umarnin a wayarsa ya ce zai gwada a makaranta.

Asabar

Gini da --disable-autodetect, makunnin da ke hana configure ɗaukar abin da ba a kira ba, ya kammala. Ldd ya nuna 'yan layuka kaɗan, duk na gindin tsarin da kowace Ubuntu ke da su.

Gwajin farko da tambarin makarantar a kusurwa ya tsaya, babu mai buɗe PNG. Zlib na cikin waɗanda ake ɗauka ba tambaya, da na rufe ƙofar ta fita tare da sauran, PNG kuwa ba ya buɗuwa sai da ita. Wannan ne kuɗin da ake biya in an kashe autodetect: har abin da kullum ke zuwa da kansa sai ka san sunansa. Na ƙara --enable-zlib na sake. Yanzu kafin in ce gini ya yi, ina duba ffmpeg -buildconf, in nemi drawtext da subtitles a jerin -filters, in nemi libx264 da libmp3lame a -encoders, sannan in gudanar da aikin gaske guda daga farko har ƙarshe.

Lahadi

A Kabo ta tashi ba gardama. Ƙanena ya aika aka gaya wa shugaban makarantar, ya iso bayan la'asar da takardar sunaye a hannu. Muka ba shi kujera a gaban allon.

Na shirya gwaji biyu. A na farko drawtext ne ya rubuta ajamin, kuma ya fito a wargaje, wasu haruffan ba su kama juna ba. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Injiniya, wannan ba rubutu ba ne." Na ce, "Allah gafarta Malam, a duba na biyun."

Dalilin yana da kyau a sani. Rubutunmu na allo, na ruwayar Warsh, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, nun kuma in ta zo ƙarshen kalma ba ɗigo. Unicode ta ba waɗannan uku lambobinsu na kansu a fitowa ta 9.0 a 2016. Haɗa haruffan da FriBidi ke yi wa drawtext ya dogara ne da tsofaffin siffofin Larabci da aka riga aka ba lamba, su kuwa sababbin ba su da irin waɗannan. Sai an bar wa HarfBuzz ta karanta ƙa'idojin da ke cikin zubin kansa, kuma haka libass ke yi: FriBidi ta tsara alkibla, HarfBuzz ta haɗa. Alkalami an zana shi ne a kan rubutun Kano, ƙa'idojin suna cikinsa.

Na biyun ya fito. Malam ya matso, ya sa yatsa a allon yana bi daga dama. Faɗimatu, ɗigon fa a ƙasa. Usman, nun a buɗe ba ɗigo. Bello, ga ɗigon imala a ƙarƙashin ba. Ya tsaya a kan wani suna ya ce an sa sin inda mahaifin yaron ke rubuta sad, ƙanena ya gyara a fayil ɗin nan take. A layin boko ma ƙ da ɗ sun fito da ƙugiyarsu. Ya ce a tura masa a wayarsa ya gani, aka tura, ƙaramar waya ce mai maɓalli, ta buɗe. Ya sa mana albarka, ya ce ragowar sunayen za su iso gobe.

Mun tsayar: take da kwanan wata na boko drawtext zai yi, duk abin da ya shafi ajami ta libass zai bi.

Litinin

Na rubuta fayil guda da Hausa na ajiye kusa da manhajar. A ciki akwai umarnin configure cikakke, da lambar fitowar kowace madogara, da layi ɗaya ga kowace a kan dalilin sa ta. Na yi wa waɗanda aka bari ma haka: x265 saboda wayoyi, fdk-aac saboda lasisi, fontconfig saboda mun zaɓi zubi da kanmu, SDL2 saboda ba ma kallo a nan. Jerin na biyun ya fi muhimmanci a ganina, domin wanda zai sake ginin nan gaba, ko ni ko ɗan yayata, zai ga abin da aka sa da idonsa, amma ba zai san ko da gangan aka bar sauran ba sai an rubuta. Na kuma kwafa tushen FFmpeg da na madogaran duka a filashin, tunda GPL ta ce wanda ka ba ginin yana da haƙƙin samun tushensa.

Ƙanena ya kira da daddare, tsohuwar na kan aiki, ta gama kashin farko. Ya ce wani abokinsa mai shago a nan Gwarzo ya ji labari yana so, amma tasa Ubuntu 20.04 ce. Wannan fayil ɗin ba lalle ya tashi a can ba. Abu ɗaya da ban narkar a ciki ba shi ne glibc, gindin tsarin, kuma abin da aka gina a kan 2.35 yana iya neman abin da 2.31 ba ta da shi. Wanda aka gina a kan tsohuwa yana tafiya a kan sabuwa, akasin haka ne ba tabbas. Na ce ya gaya masa ya kawo kwamfutar ranar Laraba, a kanta za mu yi gini na gaba, sai ya yi wa shagunan biyu.